Sanda Biyu da Ƙwan Tocila: Yadda Ɗalibin Jalingo Zai Ga Igiyar Rediyo da Idonsa

Duk wanda ya bi ta titin Hammaruwa a Jalingo, ko ya gangara wajen Mayo Gwoi, ko ya shiga lungunan Magami, in dai ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje da abin da ke bayansu, ba zai rasa ganin ƙarafa iri uku ba: dogayen turakun kamfanonin waya masu fentin ja da fari, da faifan tauraron ɗan'adam da aka kafe a jikin bango, da kuma, nan da can, tsohuwar eriyar talabijin mai sanduna a jere, wadda aka ɗaure bisa gora ko bututun famfo aka juya bakinta wajen tashar da ake son kamawa. Biyu daga cikin waɗannan ukun, wato turken waya da eriyar talabijin, suna aiki ne da nau'in igiyar rediyo da masana ke kira UHF, wadda ba ta da launi, ba ta da ƙamshi, ba ta da ƙara, amma kuma dare da rana tana ratsa garin, ta shiga ɗakuna ta fita, har da ɗakunan karatu inda ake koya wa yara labarinta.

Abin da ya kamata a tsaya a yi tunani a kansa shi ne yadda ake koyar da wannan labari. Yaron da ya kai aji biyu na babbar sakandare, in yana karatun fiziks, zai karanta maka da ka cewa saurin igiya daidai yake da yawan kaɗawarta a daƙiƙa ɗaya in an ninka shi da tsawon zangonta, ya ƙara da cewa haske da igiyar rediyo duk suna tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma ba zai yi tuntuɓe ko da harafi ɗaya ba, domin yaranmu, musamman waɗanda suka fara da makarantar allo, ba a fi su hadda ba. To, amma malamanmu na da sun bambanta sanin da mutum ya samu ta hanyar labari ingantacce, wanda suke kira ilmul yaƙini, da sanin da ya samu bayan ya gani da ƙwayar idonsa, wanda suke kira ainul yaƙini. Kuma mafi yawan abin da ake bai wa ɗalibi a babin igiyoyin lantarki da maganaɗisu bai wuce daraja ta farko ba. A ɗakin gwaje-gwaje yana auna lilon da aka rataya da zare, yana kafa allurai a gefen gilashi, yana haɗa batir da waya ya karanta abin da allurar mita ta nuna, domin waɗannan su ne ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Igiyar rediyo kuwa, wadda wayar da ke aljihun malaminsa ba ta rabuwa da ita, sai dai a zana masa ita da alli.

Alhali kuwa nuna ta ba abu ne mai wuya ba, kuma ba sabon abu ba ne. Tun a 1865 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya fitar da ƙa'idojin da suka nuna cewa lantarki da maganaɗisu, in suna kaɗawa, lalle ne su bazu cikin sarari da saurin haske. Ya rasu a 1879 ba tare da wani ya tabbatar da maganarsa da gwaji ba. Wanda Allah ya nufa da wannan aiki shi ne Heinrich Hertz, wani matashin malami a Karlsruhe ta ƙasar Jamus, wanda tsakanin 1886 da 1888 ya ɗauki sanduna biyu na ƙarfe, ya jera su baki da baki da ɗan rata a tsakani, ya sa tartsatsin lantarki ya riƙa tsallake ratar, sa'an nan ya koma can gefen ɗaki da wata waya da ya lanƙwasa, ya ga ɗan ƙaramin tartsatsi yana bayyana a cikinta ba tare da wani abu ya haɗa ta da na'urar farko ba. Waɗannan sanduna biyu su ne asalin eriya mai hannu biyu, wadda ma'aikatan sadarwa ke kira daifol. A gwajinsa na ƙarshen 1888 ya rage tsawon zangon zuwa wajen santimita 66, wanda ke cikin abin da a yau ake kira UHF, ya nuna cewa wannan igiya tana dawowa in ta daki faifan tutiya, tana karkacewa in ta ratsa wani babban dunƙulen kwalta mai kusurwa uku, ita da haske hukuncinsu ɗaya. An fassara littafinsa da Turanci a 1893, shekarar da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo bayan yaƙin Kona. Hertz kuma ya rasu ranar farko ta shekarar da ta biyo baya yana da shekara 36. Ashe gwajin da muke magana a kai sa'an garin nan ne, har ma ya ɗan girme shi.

Dalilin da ya sa UHF ta fi dacewa da ɗakin karatu, magana ce ta awo. Mai sauraron rediyo na ƙasar nan ya saba da jin mita 49 da mita 31 da mita 25 a gajeren zango, tun lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957. To, eriya mai hannu biyu tsawonta rabin zango ne, saboda haka wadda za ta dace da mita 49 sai ta haura mita 23, ta fi ƙarfin aji biyu in an haɗa su. Haske kuma a ɗaya ɓangaren zangonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ba rular da za ta auna shi. UHF kuwa, wadda ta fara daga megahaz 300 ta tsaya a megahaz 3,000, zangonta yana tsakanin mita ɗaya da santimita 10, gwargwadon da hannun yaro zai riƙe, rular kafinta ta auna. Kamfanonin da ke ƙera kayan koyarwa, irin su Leybold na Jamus, sukan yi na'urar watsawarsu a kan megahaz 433.92, wanda zangonsa ya kama santimita 69. Rabinsa santimita 34 da rabi, sandar kuma akan yanka ta ta ɗan gaza haka, wajen 33, saboda yadda igiyar ke kasancewa a bakin ƙarfe.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai na'urar watsawa, wadda ke sa lantarki ya riƙa kai da komowa cikin eriyarta sau miliyan 433 da ɗoriya a kowace daƙiƙa; akwai kuma eriyar karɓa, sanda biyu na jan ƙarfe ko alminiyum da aka ɗaura a kan katako ko roba, aka like ɗan ƙaramin ƙwan tocila a tsakaninsu, ba batir, ba waya mai zuwa ko'ina. A tsakiya ake sa ƙwan domin nan ne gudun lantarki ya fi ƙarfi, a bakunan sandar kuwa ba shi da inda zai wuce. Malami ya kunna na'urar, ya miƙa wa ɗalibi sandar, ya ce ya matso. Da ya kusato sai ƙwan ya kama. A ganina wannan lokaci kaɗai ya isa ya biya kuɗin na'urar, domin yaron da ya riƙe fitila mai ci a hannunsa, ya juya ta ya duba ƙasanta bai ga batir ba, ba ya bukatar a rantse masa cewa ƙarfi yana tafiya cikin sarari. Gani ya kori ji. Daga nan sai ya ja da baya ya ga hasken yana dusashewa, a gaya masa cewa in an yi nisa da eriya, duk lokacin da aka ninka tazara sai ƙarfin ya koma rubu'i.

Sa'an nan a ce ya tsaya inda yake, ya juya sandar a hankali. In ta yi daidai da eriyar watsawa, duka biyun a tsaye ko duka a kwance, ƙwan yana ci. In ta gicciye ta, sai ya mutu murus, ko da kuwa tazarar ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Inda aka sa mita mai allura a maimakon ƙwai, za a ga ƙarfin ya koma rabi a digiri 45, ya koma rubu'i a digiri 60, ya ɓace a 90, bisa ƙa'idar da Bafaranshe Malus ya gano game da haske tun farkon ƙarni na 19. Haka kuma in ɗalibi ya kewaya eriyar watsawa zai tarar ƙarfinta ba ɗaya ba ne ta kowace fuska: siffar yaɗuwarsa kamar gammo ne da aka zura sanda ta tsakiyarsa, ya cika ta kowane gefe, amma daidai saitin bakin sandar babu kome. Akwai kuma gwajin da ke rikita hankali a karon farko, wanda Hertz da kansa ya yi, inda ake ɗaura wayoyi a jere cikin firam na katako a sa shi tsakanin eriyoyin biyu. Kowa zai zaci in wayoyin suna tsaye, igiyar da ta fito daga eriya tsayayya za ta sulale ta tsakaninsu. Akasin haka ne ke faruwa, domin wayoyin da suka yi daidai da eriyar su ne lantarki ke samun hanyar kaɗawa a cikinsu, sai su mayar da igiyar baya, waɗanda suka gicciye kuwa su bar ta ta wuce. Malami mai hikima zai fara tambayar ajin abin da suke tsammani, a ƙidaya hannuwa, kafin a kunna.

Amma gwajin da ya fi kowanne daraja, wanda ya kamata a ba shi darasi guda cikakke ba tare da gaggawa ba, shi ne na auna zango da kwanon rufi. A jingina kwano biyu a haɗe, a tsaye, 'yan mitoci kaɗan daga na'urar watsawa. Lanƙwashe-lanƙwashen kwanon ba za su ɓata kome ba, domin sun yi ƙanƙanta ƙwarai in an gwada su da santimita 69. Igiyar da ke zuwa da wadda kwanon ya mayar sai su haɗu, a wasu wurare su taimaki juna, a wasu wurare su soke juna, kuma waɗannan wurare ba sa motsi. Ɗalibi ya fara daga jikin kwanon, inda ƙwan ke mace, ya ja baya sannu a hankali: wajen santimita 17 ƙwan ya yi haske sosai, wajen 34 ko 35 ya sake dusashewa, haka dai bi da bi, abokinsa yana sa alama da alli a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin wurin mutuwa da mai bi masa ita ce rabin zango. In ajin ya sami 34, zangon ya zama santimita 68, aka ninka da megahaz 433.92 sai a sami wajen kilomita 295,000 a daƙiƙa. In 35 suka samu, sai lissafin ya ba da wajen 303,700. Adadin da masana suka tabbatar shi ne 299,792. Wato ke nan yaran da ba su da kome sai alli da rula da kwanon rufi sun auna saurin haske da kuskuren da bai kai kashi 2 cikin 100 ba, abin da wani masani mai suna Fizeau ya yi a Faris a 1849 sai da ya nemi tazarar fiye da kilomita 8 da wili mai haƙora 720.

A nan akwai wata 'yar nukuta da bai kamata malami ya ɓoye ba. Adadin nan na 433.92 ba ɗalibai ne suka auna shi ba, a jikin na'urar suka karanta, suka karɓe shi bisa amana; saboda haka rabin hujjar mushahada ce, rabinta naƙali ne. Faɗin wannan ga yara ba ya rage wa gwajin kome, sai ma ya koya musu tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fanni, wato wane ɓangare na sakamako muka gani, wane ɓangare kuma aka gaya mana. Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya wallafa Kitabul Manazir kusan shekara dubu da suka wuce, kuma bai yarda ya ce haske yana tafiya a miƙe ba sai da ya shirya ɗaki mai duhu da fitilu ya gwada, ya kuma bayyana yadda mai karatu zai sake gwajin da kansa.

Sauran abin da za a nuna ya danganta da lokacin da aka samu. In aka kawo wata sanda da ta ɗan fi eriyar karɓa tsawo aka riƙe ta a bayanta, hasken ƙwan zai ƙaru, ko da yake ba a haɗa ta da kome ba. In aka ƙara wata da ta ɗan gaza ta a gabanta, ya sake ƙaruwa. Wannan shi ne sirrin eriyar da Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926, kuma ita ce ake ɗaurawa bisa gora don kama talabijin, wanda tashoshinsa na UHF ke farawa daga megahaz 470. Yaron da ya yi wannan gwaji ba zai ƙara tambayar abin da ya sa ake hawa rufi a juya eriya ba, ko abin da ya sa gajerun sandunan ne ke fuskantar tasha. Akwai kuma gwajin ruwa, inda ake sa sanda doguwa da gajeriya, kowace da ƙwanta, cikin akwatin roba. Akwatin yana wofi, ƙwan doguwar ne ke ci. A zuba tataccen ruwa har ya rufe su, sai nata ya mutu na gajeriyar ya kama, domin a cikin ruwa saurin igiyar yana raguwa wajen ninki 9, zangon ya koma ƙasa da santimita 8.

Ga ɗan Taraba wannan ilmi yana da wata fa'ida da ta shafi ƙasarsa kai tsaye. Gajeren zango yana hawa sama, wani rufin iska mai ɗauke da lantarki ya mayar da shi ƙasa, shi ya sa makiyayi a ruga yake jin Landan da ƙaramar rediyonsa. UHF kuwa ratsa wannan rufi take yi ta wuce, a ƙasa kuma ba ta zuwa sai kusan inda ido zai iya hangowa. Turken da ya kai mita 100 a fili shimfiɗaɗɗe, iyakarsa wajen kilomita 40 ne, in ba mai karɓa ma ya hau tudu ba. To, jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: Jalingo kanta tana gindin duwatsun Shebshi, a kudu kuma ga tsaunin Mambila, ga Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a Nijeriya. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, a kan megahaz 900 da 1,800, mutanen ƙauyukan da ke cikin kwari suka gane da kansu cewa sai an hau wani tudu ko an tsaya gindin wata bishiya ake samun sabis. Sun san hukuncin, illarsa ce, wato dalilinsa, ba a gaya musu ba. Ɗalibin da ya ga kwanon rufi ya tare igiya a filin makaranta shi zai iya faɗa musu ita, kuma daga cikin irinsa ne za a sami masu zaɓen inda za a kafa turke nan gaba.

Za a ce ina kuɗin. Gaskiya ne na'urar da aka ƙera a Turai don koyarwa tana da tsada, kuma ba kowace makaranta ce za ta iya sayenta ba, ga shi canjin kuɗi ya zama abin da ya zama. Amma akwai ƙananan na'urori masu aiki a kan wannan megahaz 433 ɗin, irin waɗanda ke cikin rimot na buɗe mota da ƙofar gida, masu araha, waɗanda ƙaramin batir ke ɗauka. Ƙarfinsu bai kai ya kunna ƙwai ba, wannan kam sai a haƙura. Sai dai in aka like dayod a tsakiyar eriyar karɓa aka haɗa da mita mai jin ƙaramin lantarki, allurar za ta yi aikin da ƙwan ke yi, har ma ta fi shi, tun da ita adadi take bayarwa wanda za a rubuta a zana. Likin kuwa duk mai gyaran rediyo ko waya a kasuwar Jalingo zai yi shi da dalma cikin 'yan mintoci. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sokawa a kwamfuta, RTL-SDR, wadda asali don kallon talabijin aka yi ta, masu sha'awar rediyo suka gano tun wajen 2012 cewa tana iya nuna yawan kaɗawar igiya a fuskar kwamfuta. Da ita ɗalibai za su iya duba adadin nan da a da suka karɓa bisa amana.

Wasu za su yi sha'awar ɗauko oba-oba irin ta masu gadi, domin tana da ƙarfin da zai kunna ƙwai a kusa, amma a nan sai an yi hattara ta fuska biyu. Sararin rediyo ba dajin Allah ba ne da kowa zai shiga ya yi abin da ya ga dama. Akwai doka a kansa tun Dokar Wayar Iska ta 1961, akwai Hukumar NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya masu ba da izini, kuma makarantar da za ta watsa da ƙarfi, ko da na daƙiƙa goma ne, ya wajaba ta nemi sani tukuna, kada ta shiga layin jami'an tsaro ko na filin jirgin sama. Ta fuskar lafiya kuma, bakin eriya mai ƙarfi yana ƙuna in an taɓa, ba a kusantar da ita ga ido, ba a bari mai na'urar taimakon bugun zuciya ya matso, ba a kuma kunna na'urar watsawa babu eriya a jikinta, domin ƙarfin zai koma ciki ya ƙone ta. Sa'an nan azuzuwanmu, da rufin kwano da ƙarafan taga da kujeru masu ƙafar ƙarfe, kowannensu yana mayar da igiya, har jikin yaran ma, da yake mafi yawansa ruwa ne, yana canza abin da allura ke nunawa in sun yi cincirindo. Ya fi kyau a fita fili da sassafe, kafin ranar Maris da Afrilu ta buɗe, a sa na'urar bisa teburin katako, a ja layi a ƙasa a ce kowa ya tsaya bayansa.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne malamin da ya taɓa yin gwajin da hannunsa, domin wanda bai taɓa ganin ƙwan ya mutu a wurin da ba a zata ba, ya nemi dalili har ya gano tagar ƙarfe ce, ba zai yi ƙarfin halin tsayawa gaban yara sittin da na'ura a hannu ba. Saboda haka wurin da ya dace a fara shi ne inda ake horar da malaman: Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008, da Kwalejin Ilmi ta Zing, da Jami'ar Tarayya ta Wukari. Ɗalibin koyon malanta ya yanka sandunansa da kansa, ya like dayod ɗinsa, ya auna zangon ya kawo lissafi, a ba shi maki a kai, in ya tashi fita koyarwar gwaji ya tafi da kayansa cikin jaka. Na'urar watsawa mai ƙarfi guda ɗaya, da izininta, tana iya kewaya makarantun sakandaren garin bi da bi cikin zangon karatun da ake koyar da babin igiyoyi, kowace makaranta ta riƙe ta mako guda ta miƙa wa ta gaba, su kuwa sanduna da kwanon rufi da firam na wayoyi kowace ta tanadi nata.